Ɗan itacen dogwud na bakin rafi: yadda ake tantance shi ba tare da jan reshe ya ruɗe ka ba

Tambaya: Ni ɗalibi ne a jihar Pensilbaniya ta Amurka, an haɗa ni da masu ƙidayar tsirrai a bakin wani rafi. Akwai wani ɗan itace da ya cika wurin, tsayinsa ya ɗara na mutum, rassansa jajaye-jajaye, ganyensa biyu-biyu suna fuskantar juna. Yanzu ƙarshen Agusta ne, yana ɗauke da 'ya'ya shuɗɗa. Manhajar waya yau ta ce Cornus sericea ne, gobe ta ce Cornus amomum. Yaya zan yi in san na gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, bisa abin da ka siffanta, hankalina ya fi kwanciya da Cornus amomum, ko kuma makusancinsa Cornus obliqua. Shuɗin 'ya'yan ne ya sa na faɗi haka, domin na sericea farare ne. Amma kada ka yi saurin rubuta suna a takardar aiki. Manhajar tana rawa ne saboda hoton ganye da jan reshe kake ba ta, kuma a nan ne waɗannan itatuwa suka fi kama da juna. Abin da ke raba su a ɓoye yake cikin reshe, sai an tsaga ake ganinsa.

Kafin a kai ga tsagawa, ka tabbatar dogwud ɗin ne ma tukuna, wato ɗan jinsin Cornus, don bakin rafi a gabashin Amurka cike yake da ƙananan itatuwa masu ganye biyu-biyu. Ɗauki ganye ɗaya ka shafa gefensa. Na dogwud sumul yake, ba haƙora ko kaɗan. Sai ka dubi jijiyoyinsa: suna tashi daga jijiyar tsakiya, amma ba sa miƙewa su taɓa gefe, lanƙwasa suke yi su bi gefen suna nufin tsinin ganyen. Daga nan ka riƙe ganyen da hannu biyu, ka yage shi a kwance a hankali, ka ja ɓarin biyu kaɗan-kaɗan. Za ka ga wasu siraran zaruruwa farare suna fitowa daga jijiyoyin, har ɓarin ƙasa ya yi lilo bai faɗi ba. Zaren nan rufin cikin bututun da ke kai ruwa ne yake warwarewa. Idan ka fizge da ƙarfi tsinkewa zai yi, ka zaci babu, haka ma in ganyen ya yi yaushi. Gwajin zare shi kaɗai bai isa hujja ba, akwai wasu tsirran da ke yin haka. Amma in ya haɗu da ganye biyu-biyu, da gefe sumul, da jijiyoyi masu lanƙwasa, to dogwud ne a hannunka.

Yanzu ga babban gwajin. Kana buƙatar almakashin lambu ko wuƙa mai kaifi sosai, da gilashin ƙara girma mai ninki 10. A tsakiyar kowane reshe akwai totuwa, wato laushin nan mai kama da soso. Ta sericea fara ce tas, kuma tana da faɗi, takan cinye wuri mai yawa a cikin reshen. Ta amomum da ta obliqua ruwan ƙasa ce, daga mai haske zuwa mai ɗan duhu, kuma ba ta kai waccan faɗi ba.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne wajen zaɓen reshen da za a tsaga. Tohon bana, wanda ya fito daga watan Afrilu zuwa yanzu, totuwarsa kan kasance fara ko fari-fari ko da a jikin amomum ne, saboda launin bai gama kamawa ba. Wanda ya karya kan reshe ya leƙa zai ga fari, ya rubuta sericea, ya tafi abinsa da kuskure. Reshen bara ake nema, ko na shekarar da ta gabace ta. Gane shi ba wuya. Bi reshen daga kansa zuwa ƙasa har ka iske wurin da ɓawon ya sake launi, akwai 'yan zobba a matse da juna, tabon da idon toho na kan reshen bara ya bari. Abin da ke ƙasa da zobban nan shi ne na bara. Zaɓi mai kaurin fensir, ka yanke tsakanin gaɓa da gaɓa, ba a kan gaɓar ba, domin a kan gaɓa totuwar takan matse ta sake kama. Tsagawa a tsaye ta fi yankan zobe, saboda tana ba ka santimita uku ko huɗu na totuwa ka kalla, maimakon ɗigo guda. In yankan zobe za ka yi, to ka yi shi a karkace.

Abu biyu kan ɓata wannan gwaji. Wuƙa mai dakushi tana murƙushe totuwar ta shafa mata dattin ɓawo, fara ta koma kamar ruwan ƙasa. Sannan mataccen reshe, ko wanda ƙwaro ya huda ya bi cikinsa, totuwarsa kan yi duhu ko wane iri ne. Saboda haka ka kankare ɓawon da farce ka ga kore a ƙarƙashi kafin ka yanka, kuma ka duba nan take, kada ka jefa a jaka sai an koma ɗaki. Ka tsaga rassa uku daga gindi uku mabambanta. Dalili kuwa, waɗannan itatuwa duhuwa suke yi, rassansu na shiga cikin juna, ba mamaki amomum da sericea su haɗu a wuri guda, ka tsinki 'ya'ya daga wannan, reshe daga wancan. Kowane reshe ka bi shi da hannu har gindinsa ka tabbata shi ne mai 'ya'yan da ka gani.

Game da jan reshen da ya ja hankalinka, ni ba na ba shi nauyi a watan Agusta. Jan nan wani sinadarin launi ne da ake kira antosayanin, wanda itacen ke ƙara tarawa in sanyi ya shigo kuma rana na bugun ɓawon. Shi ya sa sericea, wanda aka san shi da ja jawur a tsakiyar dusar ƙanƙara, yakan koma kore ko kore-ja a lokacin zafi, musamman in yana inuwa. Shi kuma amomum da ke fili, gefensa mai kallon rana kan yi ja sosai. Reshe ɗaya ma sai ka ga samansa ja, ƙasansa kore. In ana son amfani da launi, watan Janairu ko Fabrairu ya dace: a lokacin na sericea ja ne mai sheƙi, kuma jan yakan sauka har kusa da ƙasa, na amomum kuwa ruwan hanta ne mara sheƙi, kuma a ƙananan rassa kaɗai yake, manyan sun koma ruwan toka.

Abin da ya fi launi amfani a ɓawo shi ne ƙofofin numfashinsa. A jikin sericea ɗige-ɗige ne zagayayyu, masu ɗan tudu, fari-fari, a warwatse nan da can, sauran ɓawon kuma sumul. A jikin amomum, da zarar reshe ya shekara biyu ko uku, sai ka ga zane-zane ruwan ƙasa mai haske suna bin tsawonsa, suna ƙaruwa suna haɗewa har su rufe jan. Sa gilashinka a kan tohon bana kuma. Na amomum lulluɓe yake da gashi mai laushi a kwance, fari-fari ko launin tsatsa, har kan reshen yakan yi kamar an barbaɗa masa ƙura. Na sericea yana da ɗan gashi yana sabo, amma ba ya daɗewa yake zubewa.

Su kuma 'ya'yan, ka yi sa'a da ka zo a kan lokacinsu, don tsuntsaye ba sa barin su su daɗe, kafin ƙarshen Satumba galibi sai tsirarun sanduna. Na amomum ƙanana ne, wajen milimita 6 zuwa 8, a tare a kan reshe, shuɗɗa, sau da yawa da dabbare-dabbaren fari a jiki. Fari-farin nan kan sa wasu su ce ai sericea ne bai gama nuna ba, alhali akasin haka ne: na sericea daga kore suke komawa fari, iyaka wasu su ɗan yi shuɗi-shuɗi mai haske, amma ba sa kai wa shuɗi sosai. Murje ɗa guda tsakanin yatsu ka wanke ƙwallon. Ƙwallo ɗaya ne tak a ciki. Na amomum yana da tudu-tudu a jere daga sama zuwa ƙasa, ana jin su da farce, na sericea kuwa ya fi santsi kuma a ɗan matse yake. Wata alama kuma, sericea yakan sake fure cikin watannin zafi, sai ka ga fure da nunannun 'ya'ya a gindi ɗaya. Amomum galibi sau ɗaya yake yi, wajen watan Yuni a yankinku. Furen kansa ba ya raba su: dukansu ƙanana ne ruwan madara, kowanne da kunne huɗu, a tare cikin tari mai shimfiɗaɗɗen kai, faɗin santimita 4 zuwa 6. Ba su da manyan fararen kunnuwan nan huɗu na Cornus florida, wanda bishiya ce ta cikin daji ba ta bakin ruwa ba.

To, a ce totuwa ta fito ruwan ƙasa, 'ya'ya shuɗɗa. Saura rarrabe amomum da obliqua, kuma a nan ne aikin yake da ɗan wahala, har masana sun daɗe suna ɗaukar obliqua a matsayin wani nau'in amomum kawai. Ganye ne alƙali. Kada ka ɗauki na sabon toho mai ƙarfi da ya fito daga gindi bayan barewa ko biba (wata dabbar ruwa mai gaigayar itace) sun ci itacen, irin wannan ganyensa kan yi girman da ya wuce kima ya ɓata lissafi. Ɗauki ganye biyar ko shida daga tsakiyar rassan da ke ɗauke da 'ya'ya. Na amomum mai faɗi ne, tsawonsa santimita 5 zuwa 10 ko ɗan fiye, galibi bai ninka faɗinsa biyu ba, gindinsa zagayayye, jijiyoyinsa huɗu zuwa shida a kowane ɓari. Juya bayansa: kore ne mai haske, kuma a kan jijiyoyin akwai gashi launin tsatsa, wani a kwance wani a ɗan tashe. Na obliqua siriri ne, tsawonsa ya ninka faɗinsa biyu ko fiye, gindinsa yana tsukewa a hankali zuwa mariƙinsa, jijiyoyinsa sun fi kaɗan, kuma ganyen kan rataya ƙasa kamar mai jin ƙishi ko da ƙafarsa na cikin ruwa. Bayansa fari-fari ne, gashinsa fari a kwance, babu na tsatsa. In akwai madubin ɗakin gwaji a makarantarku, sa bayan ganyen a ƙarƙashinsa, za ka ga na obliqua cike da 'yan ƙananan ƙuraje, su ne ke ba shi farin nan. Amomum ya fi yawa a jihohin gabas da bin duwatsun Afalashiya har Jojiya, obliqua kuma ya fi karkata arewa da tsakiyar ƙasar, wajen manyan tafkuna da kudancin Kanada. Pensilbaniya tana da duka biyun, kuma inda suka haɗu akan sami masu siffar tsaka-tsaki. In ka ci karo da irin wannan, rubuta "amomum ko obliqua" tare da abin da ka gani, ya fi ka tilasta masa suna.

Sauran 'yan gidan ba sa buƙatar dogon bayani. Cornus racemosa rassansa ruwan toka ne, tarin furensa a tsaye yake mai tudu, 'ya'yansa farare a kan sanduna jajaye da ke zama bayan tsuntsaye sun cinye, jijiyoyin ganyensa uku ko huɗu kawai, kuma ya fi jure busasshiyar ƙasa. Cornus foemina shi ne mai iya ruɗar da kai in aiki ya kai ka kudu, daga Bajiniya zuwa Fulorida da Tekzas, don shi ma 'ya'yansa shuɗɗa ne kuma fadama yake so, sai dai totuwarsa fara ce, rassansa kusan ba gashi. Cornus rugosa ganyensa kusan zagayayye ne, reshensa kore da dabbaren shunayya, kuma a gangaren tudu mai duwatsu yake zama. Cornus drummondii kuwa saman ganyensa kaushi gare shi, da ka shafa ka ji. Cornus alternifolia shi kaɗai ne a yankin da ganyensa ba biyu-biyu ba. In rafin ya ratsa gari ko kusa da gidaje, ka sa Cornus alba a lissafi, ɗan asalin Saberiya da arewacin Sin da ake shukawa don ado. Kamarsa da sericea ta kai har wasu masana suna haɗa su a suna ɗaya. Ƙwallonsa ne kan ɗan taimaka, ya fi tsawo a kan faɗi.

Akwai kuma waɗanda ba dogwud ba ne sam amma suna zaune tare da shi. Viburnum yana da ganye biyu-biyu da tarin fure mai shimfiɗaɗɗen kai da 'ya'ya shuɗɗa, sai dai kunnen furensa biyar ne ba huɗu ba, kuma yawancinsu gefen ganyensu na da haƙora. Nau'o'in Lonicera, baƙi daga wasu ƙasashe, da suka mamaye bakin rafuka da yawa a can, in ka tsaga tsohon reshensu rami za ka tarar a tsakiya, kuma 'ya'yansu ja ne ko ruwan lemo, biyu-biyu a hammatar ganye. Frangula alnus, shi ma baƙo ne daga Turai, jijiyoyin ganyensa na lanƙwasa kamar na dogwud, amma ganyen ɗaya-ɗaya suke, jijiyoyin kuma takwas ko tara. Cephalanthus occidentalis ganyensa sumul ne, biyu-biyu ko uku-uku, amma furensa dunƙule ne kamar ƙwallo. Wanda ya san giyayya a fadamun gida zai gane shi da kallo ɗaya, don danginsu ɗaya ne, furen ma haka yake.

Guda ɗaya ne zan ja maka kunne a kansa sosai: Toxicodendron vernix. A fadama yake, mariƙin ganyensa ja ne, 'ya'yansa farare suna rataye, kuma ruwan jikinsa na sa fata ta yi ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi na makonni. Ganyensa ba guda-guda ba ne, kowane mariƙi na ɗauke da 'yan ganye 7 zuwa 13, kuma mariƙan ba sa fuskantar juna a kan reshe. Ɗan'uwansa mai ganye uku-uku, Toxicodendron radicans, ya fi shi yawa ma, yana yaɗo a ƙasa yana hawa itatuwa. Don haka gwajin yage ganye da tsaga reshe sai bayan ido ya tabbatar ganyen guda-guda ne kuma biyu-biyu suke zaune. In ka taɓa bisa kuskure, wanke da sabulu da ruwa mai yawa ba tare da jinkiri ba, har da wuƙar da safar hannun. Ka kuma riƙa duba jikinka bayan aiki saboda kaska, Pensilbaniya na cikin jihohin da cutar Laim, wadda kaska ke yaɗawa, ta fi yawa.

Idan ƙidayar ta kai ku lokacin da ganye ya zube, aikin bai tsaya ba. Idanun dogwud biyu-biyu suke, sirara, a manne da reshe, kowanne da ɓawo biyu masu haɗuwa baki da baki ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. Tabon da ganye ya bari siriri ne mai siffar jinjirin wata, da ɗigo uku a ciki, kuma wani layi na haɗa shi da na ɗaya gefen. Ƙananan Acer rubrum su ma rassansu ja ne kuma idanunsu biyu-biyu, amma idanun dunƙulallu ne masu ɓawo da yawa a jere. Na Salix kuwa ɗaya-ɗaya suke, ɓawo guda ya rufe kowanne. Da ka tabbatar da jinsi, totuwa da zanen ɓawo da gashin toho sun isa raba sericea da sauran biyun. Amomum da obliqua kam sai ganye ya dawo, sai ka ɗaura wa gindin ƙyalle mai lamba ka jira watan Yuni.

Wajen rubutawa, kada sunaye su rikita ka. Cornus stolonifera da za ka gani a tsofaffin littattafai sericea ne. Wasu littattafan yankin arewa maso gabas kuma suna fitar da waɗannan ƙananan itatuwa daga Cornus su sa su a Swida, sai ka ga Swida amomum, itacen ɗaya ne. Sunan amomum kansa tsoho ne, Philip Miller ne ya sa shi a 1768. A jerin tsirran fadama da hukumomin Amurka ke aiki da shi, amomum da sericea duka suna rukunin FACW, ma'ana galibi a ƙasa mai danshi ake samunsu, racemosa kuma yana FAC, wato fadama da tudu duk nasa ne. Ka ga ke nan musanya amomum da racemosa ya fi ɓata rahoto a kan musanya shi da sericea. In kana son wani masani ya tabbatar maka, hoto biyar za ka ɗauka: itacen gaba ɗaya, bayan ganye daf da jijiya, tarin 'ya'ya, ɓawon reshe mai shekara biyu ko uku, da tsagaggen reshe da totuwar a fili, da ma'auni a gefe. Samfuri kuma reshe ne mai tsawon santimita 30 da ganye da 'ya'ya, a shimfiɗa cikin jarida, a juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, a danne da nauyi, a riƙa sauya jaridar kullum har ya bushe, in ba haka ba 'ya'yan su yi fumfuna. Rubuta launin 'ya'ya da na totuwa tun suna ɗanye, don bushewa na dusashe su. A gandun gwamnati ba a yankan ko reshe sai da izini, ka tambayi shugaban aikinku.

Mai yiwuwa ƙidayar nan share fage ce ta gyaran bakin rafin, domin amomum da sericea na cikin itatuwan da ake kafa sandunansu ɗanye don tare zaizayar ƙasa. Dukansu reshensu na yin saiwa in ya taɓa laka, sai dai sericea ya fi yaɗuwa ta rassan da ke bin ƙasa, amomum kuma ya fi jure inuwa da zafin kudu. In haka ne, tantancewar da ka yi yanzu da 'ya'ya a kai ita ce za a dogara da ita, don sandunan sai itacen ya yi barcin hunturu ake yankansu, bayan zubar ganye kuma kafin ido ya buɗe. Ana yanko masu tsawon santimita 60 zuwa 90, kauri santimita 1 zuwa 3, a fiƙe gindin a karkace, a yanke kan a kwance don kada a kafa su a kife. A jiƙa gindin a ruwa kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, a fara huda ƙasar da rodi, sannan a tura kashi biyu cikin uku ko fiye na sandar, a bar ido biyu zuwa huɗu a waje, a take ƙasar da ƙafa, tazarar santimita 60 zuwa 90 tsakanin sanda da sanda. Yawancin waɗanda ke mutuwa, ko dai an bar su sun bushe kafin kafawa, ko gindin bai kai inda danshi ke zama a watan Agusta ba, ko kuma an buga su da guduma kan ya tsage. Wanda kansa ya tsage, a datse wurin da almakashi zuwa inda itacen yake lafiya.